Gilasai Shida a Farantin Iya

Daminar da na gama jami'a a gidan kakata na yi ta, a Dangora, ina jiran a kira mu hidimar ƙasa. An ce in je in taya ta zama, ko da yake ina jin ita ce ta taya ni, domin ba na noma, ba na kiwo, kuma ko ruwa na ja a rijiya sai ta leƙo ta ga ko gugan ya dawo. Iya muke ce mata. Ni kuwa, da yake jika ne, maigida take kirana, ran da na ɓata mata rai kuma maigidan da ba ya cefane.

Abin da na iya, ko in ce abin da nake ganin na fara iyawa, shi ne wanke tsofaffin lensin kyamara. Lensi shi ne gwangwanin nan mai gilasai a ciki da ake murɗawa a gaban kyamara, wanda haske ke bi ya shiga. A shekarata ta ƙarshe a makaranta wani abokina ya ba ni guda uku da suka lalace, na yi ta kallon yadda ake kwance su a waya ina kwaikwayo. Ɗaya ya tashi. Ɗaya ya tashi rabi da rabi. Na ukun har yau yana cikin leda, kuma ba na son a yi maganarsa.

Kayan aikina ba su taka kara sun karya ba. Akwai ƙananan sukudireba irin na masu gyaran agogo, da kamfas ɗin da muke zana da'ira da shi a sakandare, wanda nake sa tsininsa biyu in kwance zobba. Akwai robar ƙafar kujera, ita ce ke kama zoben gaba ta juya shi ba tare da ta karce shi ba. Sai auduga da sifirit da ruwan wanke ciwo mai kumfa da na samo a kemis. Iya ta ce rabin kayan na wanzami ne, rabi na ɓarawo.

Iya tana da ƙane a Tudun Wada, Alhaji muke ce masa. Lokacin da ruwan madatsar Tiga ya tashi ƙauyensu, 'yan uwansa wasu sun koma kamun kifi, wasu noman rani. Shi ya ce jirgin ruwa yana juya masa kai, ya kama kyamara. Shekaru masu yawa ya yi yana bin kasuwanni da bukukuwa a kan keke, daga baya a kan babur, har wayoyi suka zo kowa ya zama mai hoton kansa. Wata rana ya zo gaida yayarsa ya same ni a rumfa na tasa wani lensi a gaba. Ya tsaya a kaina yana kallon abin da nake yi. Bayan mako guda ya dawo da gwangwanin madara, a ciki akwai tsohuwar hula, a cikin hular akwai lensi.

"Kai ɗan boko, an ce kai ne likitan gilashi."

"Ba likita ba, Alhaji. Ina dai gwadawa."

"To gwaji a kan na wasu. A kan nawa aiki za ka yi."

Ya miƙo mini, amma bai saki ba sai da ya ga na tara hannu biyu. Ya ce ko 'ya'yan cikinsa bai taɓa bari sun riƙe shi ba. Kyamararsa ta daɗe da mutuwa, fim ma ba a samu, amma ya ga ina da 'yar kyamarar zamani da zoben da ke haɗa ta da tsofaffin lensi. Abin da yake so guda ɗaya ne.

"Na ɗauki matan ƙasar nan daga Bebeji har Doguwa," in ji shi, "amma yayata ba ta taɓa tsaya mini ba. Yanzu ta ce ta yarda. Da lensina nake so in ɗauke ta, ba da wayar kowa ba."

Iya tana tankaɗe a gefe, ba ta ɗago ba ta ce, "Cewa na yi in ina raye ranar, kuma in ba a yi ruwa ba."

Aka tsayar da mako biyu.

Da ya tafi na ɗaga lensin saitin haske na leƙa. Fumfuna ta yi saƙa a ciki kamar yanar gizo-gizo, ta bi gilasan tun daga gefe har kusa da tsakiya. Aikin damina ne, da ajiya a wuri mai laima. Zoben da ake murɗawa a daidaita nesa da kusa kuwa ya ƙage, sai ka yi kamar kana buɗe tsohuwar kwalba. Duk wannan na san maganinsa, a karatu dai. Amma kwana uku na yi ban taɓa shi ba. Kullum sai in fito da shi, in goge hannuna, in dube shi, in mai da shi cikin hula. Iya ta ce ta ga masu neman aure da suka fi ni saurin magana.

Dokar farko a wannan aiki ita ce ka san yadda ka fitar da kowane abu, domin ka mai da shi haka. Gilasan ciki ba kamar na taga ba ne. Wani gefensa ɗaya ya kumbura ɗaya ya lotsa, wani duk gefen biyu sun kumbura amma ba daidai ba, kuma kowanne yana da inda yake fuskanta. Masu hankali hoto suke ɗauka da waya a kowane mataki. Ni ma haka na yi niyya, sai dai a makon ba mu da wuta, wayata tana can wurin mai caji a bakin titi cikin layin wayoyin rabin gari. Ya kamata in jira. Na san ya kamata in jira. Amma kwana uku sun riga sun tafi a kallo, sai na yi dabarar da a lokacin na ga ta fi hoto ma.

Na shimfiɗa farar takarda babba a kan teburin ɗakina. Duk abin da na cire sai in ajiye shi daga hagu zuwa dama, in rubuta lamba a ƙarƙashinsa da biro, in ja kibiya mai nuna gefen da ke kallon gaba. Gilasai shida, zobba tara manya da ƙanana, da sukurori da na zagaye da da'ira don kada su gudu. Na jiƙa kowane gilashi da ruwan kemis, fumfunar ta narke ta bi auduga, na bi da sifirit, na mai da shi kan lambarsa. Kafin la'asar tebur ya yi kyau har na ja da baya ina kallo. Na ma kira Iya ta gani.

"Ka kashe shi ke nan," in ji ta.

"Ban kashe shi ba, Iya. Kowane abu yana da lamba."

"Rago ma in aka feɗe shi kowane abu yana da suna."

Aka kira salla, na ja ƙofa na tafi masallaci. Muna raka'a ta uku hadari ya kece. Irin ruwan nan ne mai zuwa a karkace, wanda ke hana liman jin kansa a ƙarƙashin kwano. Da muka idar muka zauna jiran ya tsagaita, ana hirar masara da takin zamani. Ban damu ba, don na rufe taga. Abin da ban sani ba, ko na sani na manta, shi ne rufin ɗakin yana yoyo a wuri ɗaya idan iska ta bugo daga gabas, kuma wurin nan daidai kan tebur yake.

Da na dawo na tarar da bokiti a kan teburin, ruwa na ɗiga a ciki. Babu takarda, babu gilashi. Na durƙusa ina leƙa ƙarƙashin teburin. Sai na ji muryar Iya daga ɗakinta.

"Maigida, zo ka ga kayanka. Allah ya so ka na ji ɗigar."

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin tsohuwa a ƙasarmu ya san jere. Kwalla da samira da tasoshi, manya a baya, masu bi musu a gaba, har zuwa 'yan ƙananan da ba a taɓa cin komai a cikinsu ba, kowanne a kife yana sheƙi. Iya tana cikin matan da ake aikowa a ɗauka idan za a yi wa amarya jere, tun daga Kiru har Ba'awa. Idonta ba ya iya ganin abu zagayayye guda biyu ya bar su yadda ya same su.

A kan gadonta ga babban farantin tangaran. A kansa ga gilasaina shida a layi, babba a farko, ƙarami a ƙarshe, kowanne an kifa shi tudunsa na kallon sama. A bayansu ga zobba tara, an zura ƙanana cikin manya kamar kwanuka. Sukurorin duka suna cikin murfin kwalbar turare. Ban taɓa ganin kayan lensi sun yi kyau haka ba, amma tsarin da na yi duk ya rushe.

"Ko yatsa ban sa a tsakiya ba," in ji ta. "Gefe na kama, yadda na ga kana yi. Kai ka watsa su kamar kaji sun bi ta kai, babba kusa da ƙarami, wani a buɗe wani a kife. Wace makaranta ce ta koya maka ajiya?"

"Iya, takardar fa?"

"Tana kan igiya a rumfa. Ban yar ba, na san ku da takarda."

Na je na duba. Biron ya zube, lambobin sun koma shuɗin gajimare. Ko da ma ba su zube ba, lamba ba ta da amfani in babu abin da ke zaune a kanta. Na dawo na ce mata na gode.

"Godiyar nan ba gishiri," in ji ta.

Gaskiya kuwa ta cece su. Da ruwan rufi ya zauna a kan zobban da sun yi tsatsa. Na san haka, kuma na yi ta maimaita wa kaina, amma bai hana ni kasa cin tuwo ba.

Washegari na karɓo wayata. Na bi shafukan masu sha'awar tsofaffin kyamarori har na samo zanen cikin irin wannan lensi, an tsaga shi biyu an nuna kowane gilashi da inda yake fuskanta. Abin ya zo da sauƙi fiye da yadda na ji tsoro, ko da yake ba zan ce da sauƙi ba. Yawancin gilasan ba sa shiga sai a mazauninsu, saboda faɗinsu ya bambanta. Fuskantar ce aiki. Sai in ɗaga gilashi saitin ƙofa, in karkata shi, in dubi zane, in sake dubansa, in sa shi, in fitar da shi don in tabbatar na sa shi daidai. Zoben nesa da kusa kuma, bayan na wanke busasshen giris na sa sabo, ya ƙi komawa ta bakin da ya fito. Yana da baki da yawa da zai iya kamawa, ɗaya ne kawai daidai. Na yi kwana biyu ina murɗawa ina kwancewa, ina auna shi da bishiyar darbejiyar ƙofar gida, har ranar da ganyenta ya fito tsaf a kyamara.

Da na gama na ɗauki hoton akuyar Iya. Gashinta ɗaya-ɗaya ana iya ƙirgawa. Na ɗauki bango, har tururuwar da ke hawa ta fito. Daga tsakiya har kusurwa babu inda ya yi hazo. Ban cika yabon kaina ba, amma ranar na ci tuwo har da ƙari.

Saura magana ɗaya: in gaya wa Alhaji abin da ya faru, ko in yi shiru tunda komai ya koma daidai? Amana ce ya ba ni, kuma wani hannu ya taɓa ta. Amma hannun na yayarsa ne. Amma kuma ni na bar ta a ƙarƙashin yoyo. Na shirya jawabi mai farawa da "wato a gaskiya, ba wai wani abu ne ya faru ba", na gyara shi ya fi sau goma.

Ranar ta zo, ba a yi ruwa ba, Iya kuma tana raye. Alhaji ya iso da hantsi cikin babbar riga. Ko gaisuwa ba a gama ba Iya ta ce, "Kayan naka ni na jera su. Wannan mijin nawa ya bar su ruwa na duka."

Jawabina ya tafi a banza. Na fara cewa wato a gaskiya, Alhaji ya ɗaga mini hannu.

"Yana aiki?"

"Ina jin yana yi. A iya gwajin da na yi dai."

"Kawo."

Iya ta shiga ta fito da atamfar da ban taɓa gani ba, ta sa kwalli, ta zauna a kujera 'yar tsugunno a inuwar rumfa tana mita cewa ana ɓata mata aiki. Na nuna wa Alhaji inda zai danna. Hannunsa ya san sauran. Ya murɗa zoben, ya gyaɗa kai jin yadda yake tafiya sumul, ya ce, "Yaya, ɗago haɓa. Ba fushi aka ce ki yi ba." Ya danna.

Muka haɗa kai uku a kan ɗan allon bayan kyamara. Hoton ya fito tas. Kowane zare na atamfar, kowane layi a goshin Iya, da tsagar gado a kumatunta, da kazar da ke wucewa can baya. Na jira yabo.

Iya ce ta fara magana. "Wace ce wannan tsohuwar?"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya juya lensin ya duba lambar jikinsa, ya duba inda fenti ya goge a gefe, sannan ya dube ni.

"Gwangwanin nawa ne. Amma wannan ba lensina ba ne."

Na ce wallahi gilasansa ne duka shida, babu wanda ya fashe, babu wanda aka canza. Na fito da waya na nuna masa zanen, na ce haka masu ƙera shi suka tsara, kuma haka na bi, ɗaya bayan ɗaya.

"Masu ƙera shi," in ji shi. "Su suka yi yawon kasuwa da shi?"

Ya nemi tabarma ya zauna. Ya ce tun yana saurayi, wata rana zai tsallaka rafi a hanyar Doguwa, keke ya zame, jakar kyamara ta sha ruwa. Ya zauna a gindin bishiya ya kwance lensin da tsinin wuƙa, ya shanya gilasan a kan hularsa, ya mai da su yadda ya ga dama ta ba shi. Da aka wanko hotunan sai ya ga abin mamaki: fuska a tsakiya ta fito, ido ya fito, amma duk abin da ke kewaye ya yi laushi, ya yi wani haske kamar an shafa mai. Ya gane ya kifa ɗaya daga gilasan baya. Ya yi niyyar gyarawa ran kasuwa mai zuwa, sai ya tarar da mata sun yi layi.

"Akwai masu hoto uku a Tudun Wada lokacin, duk kyamararsu ta fi tawa. Amma su suna nuna wa mace abin da madubi ya riga ya gaya mata da safe. Wa zai je a maimaita masa? Ban sake taɓa shi ba."

"To ai shi ya sa na yarda," in ji Iya. "Na ga na maƙwabciyata da ka ɗauka. Ta girme ni, amma ta fito kamar amarya. Ka ce in zauna, sai ka kawo mini wannan mai ƙirga tamoji?"

Na ce, da murya ƙasa-ƙasa, ai a ilimin haske abin da Alhaji yake nufi aibi ne, akwai ma sunansa. Alhaji ya ce in riƙe sunan, in ba shi aibinsa.

"Wanne ne daga cikin na bayan, Alhaji? Guda biyu ne."

"Ɗan boko, abin da aka yi a gindin bishiya kafin a haifi uwarka kake tambayata? Juya mu gani."

Haka na shimfiɗa tsumma a tsakar rumfa, da rana tsaka, tsofaffi biyu na kallona, na sa kamfas na kwance aikin da na yi kwanaki ina yi. Na kifa gilashin can ƙarshe, na ɗaure, Alhaji ya ɗauka. Iya ta fito kamar ana hango ta ta cikin ruwan koko, ko ido babu. Ta ce wannan kuma hoton fatalwa ne, a goge kafin wani ya gani. Na mai da shi daidai, na kifa na kusa da shi. Duk abin da na karanta yana ce mini kada in yi. Gilashin ma bai so zama ba, sai da na sassauta zoben kaɗan.

Alhaji ya ɗaga kyamara, ya daɗe yana murɗawa. Ya ce, "Yaya, dubi nan." Ya danna.

Idanun Iya sun fito da kwallinsu, da ɗan murmushin da take ƙoƙarin ɓoyewa. Daga kunnuwa zuwa waje komai ya narke, atamfar ta zama launi kawai, katangar baya ta zama haske mai zagayawa. Layukan goshin suna nan in ka nema, amma sai ka nema.

Alhaji ya daɗe yana kallo. Ya share ido da bakin riga, ya ce hasken allon ne yake damunsa.

"Shi ne?" na tambaya.

"Ya yi kusa. Nawa ya fi wannan hazo kaɗan."

"Wataƙila fumfunar ce ta ƙara masa a 'yan shekarun nan. Ita kam ba zan iya mai da ita ba."

"Ban ce ka mai da ita ba. Kada dai ka ƙara gyara mini komai."

Iya ta karɓi kyamarar da hannu biyu, ta nesanta ta da fuskarta, ta matso da ita, ta karkata kai.

"To," in ji ta. "Wannan na san ta. A wanko guda biyu, ɗaya babba."